Kafaran Nomau, Wanda Ya Ga Ɓauna Tana Huɗa

A Madarunfa, in ka tambayi gidan Nomau ɗan Barmo ba kowa zai gane ba. Sai ka ce Kafaran Nomau, sannan a nuna maka gidan da ke ƙarshen gari ta wajen tafki. Kafaran muƙamin soja ne, Faransawa suka ba shi kafin su sallamo shi. Ya bar gari yana saurayi, lokacin da aka ce kowace ƙasa ta ba da mutane, ya dawo da ɗingishi a ƙafar hagu, da akwatin ƙarfe, da labarin wata ƙasa da ake kira Indoshin, can gaba da Makka nesa.

Babban abin da ya dame shi a rayuwa shi ne mutanen garinsu suna son labarinsa, amma ba wanda shi yake so ya bayar ba. In aka zauna gindin tsamiya bayan la'asar, tambayoyin ba su canzawa: mutum nawa ya kashe, da gaske ne harsashi ba ya kama shi, wane malami ya yi masa laya. Nomau yakan ɗaga ƙafar wando ya nuna musu tabon, ya ce ga amsar maganar laya nan, sannan ya yi ƙoƙarin jan hira zuwa inda ransa yake.

Shi abin da ya gani ne yake cinsa. Ya ga jirgin ruwa ya ratsa wani rafi da mutane suka haƙa da hannu a ƙasar Masar, raƙuma na tafiya a gefe kamar a hanyar Tasawa. Ya ga ranar da wani sarzan, shugabansu a soja, ya nuna musu gaɓar da Makka take bayanta, suka yi salla suna kuka, bayan 'yan kwanaki kuma alƙibla ta koma bayansu, har ya zama in za su yi salla sai su fuskanci mafaɗar rana. Ya ga garuruwan da mutane suke haihuwa su tsufa a cikin kwale-kwale. A arewacin Indoshin, inda aka ajiye su, ya ga mata masu malfa irin ta Fulani suna rina haƙoransu baƙi ƙirin don ado, suna tauna wani ganye da ke jan baki kamar goro. Abinci da tsinke biyu ake cinsa, daddawarsu kuma ta kifi ce, ruwa-ruwa, warinta ya fi na kalwa. Yayyafi yakan yi makonni bai tsaya ba, ga sanyi, riga ba ta bushewa a jikin mutum.

Duk wannan ana saurara, ana kaɗa kai. Maganar salla ce ta fara jawo masa surutu, don har liman ya kira shi gefe ya ce ya rage faɗin cewa ya ba gabas baya. Amma inda ake rabuwa da shi gaba ɗaya shi ne wajen ɓauna. Nomau ya rantse cewa a can ɓauna dabbar gida ce, da ita ake huɗa cikin ruwa da taɓo, in an tashi aiki kuma ƙaramin yaro ya haye bayanta ya kwanta, ta kai shi gida. Haruna maharbi, wanda ɓauna ta kashe kakansa a dajin Baban Rafi, shi ne yakan fara miƙewa ya kaɗe rigarsa, ya ce Allah ya ba Kafaran lafiya, ruwan teku ya taɓa shi. Daga nan yara suka samu abin yi. In ya wuce sai su tambaye shi ko ya ba ɓaunarsa dusa.

Don haushin wannan ne, da kuma son abin a ransa, ya ɗauki wani fili a bakin tafki inda ruwa ke kwanciya, ya ce zai yi shinkafa irin ta can. Ya tayar da kunyoyi, ya yafa iri a wuri guda, da ya tsiro ya tumɓuke ya shiga dashe ɗaya-ɗaya a jere, yana duƙe cikin taɓo har gwiwa. Masu wucewa suka tsaya suna kallo, suna cewa ba su taɓa ganin wanda ya ɗauki hatsi albasa ba. Shekarar farko shanu suka shiga. Ta biyu tafkin ya cika ya shanye gonar. Ta uku ta yi kyau har ta fid da kai, sai tsuntsayen jan-baki suka sauka. Matarsa Kulu, mace mai haƙuri amma ba mai ɓoye magana ba, ta ce masa gero ne ke ciyar da gidan nan, kuma geron yana can ciyawa ta ci shi yayin da maigida ke wasa da kwaɗi.

Maganar yaƙi kuwa, in ya ga dama ya yi ta, ba ta yi wa kowa daɗi. Ya ce shi bai ga jarumtaka ba, gadi ya yi. An sa su cikin wata hasumiyar bulo a bakin hanya, tsakiyar gonakin shinkafa. Da safe su fito su bi hanya suna neman nakiyar da aka binne, da rana mata su kawo musu ayaba da ƙwai su saya, da yamma su shige su janye tsani su rufe ƙofa. Waɗanda ke harbinsu kuwa mazan matan nan ne da ƙannensu, kuma kowa a ƙauyen ya sani, ba wanda zai faɗa. Faransawa na da jirgin sama da igwa, mutanen na da keke da buhun shinkafa, ƙarshe Faransawa ne suka kwashe kayansu. Nomau yakan ce wannan ba sabon abu ba ne ga Bamaraɗe, don kakanninsu ma da aka koro su daga Katsina kurmin gulbi ne ya tsare su, da manoman da suka ƙi nuna hanya, ba ganuwa ba. Da ya kai nan sai ya ga rabin mutane sun tashi alwala.

Shekara huɗu bayan samun mulkin kai, da kaka, magana ta bazu cewa 'yan jam'iyyar da gwamnati ta haramta suna tsallako iyaka da bindigogi. Umarni ya zo daga sama cewa kowane gari ya tsare hanyoyinsa, duk baƙon da ba a yarda da shi ba a kama. Manyan gari suka taru, suka ce ai Allah ya hutar da su, suna da soja. Nomau bai so ba, amma bai ga yadda zai ƙi ba.

A cikin makonnin nan ya yi faɗa fiye da wanda ya yi a duk zamansa na soja. An ba shi samari da magidanta masu baka da kwari, da gariyo, da adduna, kowa ya sha guru da layu har ba ya iya sunkuyawa. Abin da suke so ya koya musu shi ne maci da sara wa babba. Suka jawo gungume suka gicciya a babbar hanyar mota, suka zauna a kansa suna cin gyaɗa, alhali gero ya fi mutum tsawo, kuma ƙananan hanyoyi daga Jibiya sun fi a ƙirga. Ya ce musu wanda ke ɓuya ba ya bin hanyar mota, su riƙa tambayar mata masu itace da makiyaya abin da suka gani. Haruna maharbi, wanda ya naɗa kansa mataimaki, ya ce bai ɗauko kwarin kakansa don ya je hira da mata ba. Suka kama mai tallan kanwa. Suka kama wani malami da jakinsa don an ga littattafai a mangala. Suka tsare wata tsohuwa da ta zo suna daga Safo har abincin sunan ya ƙare. Kowane ɗaya Nomau ne ke zuwa ya kwance, ya ba da haƙuri, ya dawo yana zagi da Faransanci.

Wanda aka kama na gaske kuwa ba gungume ne ya tare shi ba. Da hantsi ya fito daga cikin gero da kansa, zazzaɓi na kaɗa shi, ya roƙi wani manomi ruwa. Manomin ya ba shi, sannan ya yi kururuwa. Kafin Nomau ya iso da ɗingishinsa an fasa wa baƙon baki, an yaga rigarsa, Haruna na neman igiya. Saurayi ne siriri, ƙafafunsa sun kumbura, ba bindiga a hannunsa, ya ce ya jefa ta a rijiya tun shekaranjiya. Nomau ya shiga tsakani da sanda, ya ce wanda ya ƙara taɓa shi sai ya karya masa hannu, don fursuna na hukuma ne, ba na 'yan kallo ba. Ya kai shi zaurensa, ya sa aka tafi kiran jandarmomi, ya zauna a bakin ƙofa, gari kuma ya cika ƙofar gidan.

Ya leƙa cikin gida ya ce Kulu ta kawo ruwa da fura. Da ta daɗe sai ya daka mata tsawa da wata kalma da ta bi bakinsa tun daga can, wadda duk gidan suka san ma'anarta a yi sauri: "Maulen!"

Saurayin ya ɗago kai. Ya dubi Nomau da idon da bai kumbura ba, ya ce, "Baba, ina ka ji wannan?"

"Inda ba ka sani ba."

"A tashar jirgin ruwa ta Haifon ka sauka, ko ta kudu ka shiga?"

Nomau ya juyo. Sannan ya jawo buzunsa ya matso ciki.

Sunan saurayin Hassan, ɗan wani ƙauye ne bayan Gabi, tela ne a Maraɗi kafin 'yan jam'iyya su ɗauke shi. An bi da su ƙasa-ƙasa har arewacin Indoshin, wadda yanzu ake ce wa Biyetnam, aka koya musu harbi da dasa nakiya. Wato mutanen da suka huda ƙafar Nomau su ne malamansa. Nomau ya lura da wannan, ya ajiye shi gefe, don akwai abin da ya fi shi gaggawa. Ya tambaye shi yayyafin nan, Hassan ya ce har yanzu yana jin sanyinsa a ƙashi. Ya tambaye shi daddawar kifi, Hassan ya yi dariya har bakinsa ya sake jini, ya ce wata biyu ya yi kafin ta shiga cikinsa. Suka yi maganar matsattsaku, da gorar da ake shinge ƙauye da ita, da kaburburan da ke tsakiyar gonaki. Hassan ya gaya masa abin da bai sani ba, cewa ana zuba ƙananan kifi cikin ruwan shinkafar, a girbe su tare. Nomau ya buga cinya, ya ce shi ya sa yake ganin yara da kwando.

Sai ya miƙe ya kira Haruna da wasu dattawa biyu, ya tsayar da su a bakin zaure, ya ce wa Hassan ya faɗa musu da me ake huɗa a can.

"Da ɓauna," in ji Hassan. "Baƙa, mai manyan ƙahoni. Yara ke kiwonta."

Nomau ya juya yana duban Haruna. Haruna ya tofar da goro ya ce, "Kafaran, wanga da ke hannunka, ko cewa ka yi ya ce da kura ake huɗa, ai faɗi zai yi."

Dattawan suka ce wannan gaskiya ne, suka koma inuwa.

Haushin da bai samu inda zai sauke ba sai ya sauke shi a kan Hassan. Ya tambaye shi me suka zo yi, da wa suka dogara. Hassan ya ce an gaya musu talakawa na jiransu, za a ɓoye su, a ciyar da su. Nomau ya ce mutanen can da ya gani shekaru suka yi suna noma tare da ƙauyawa, sun san sunan kowace tsohuwa, kafin su harba harsashi ɗaya. Su kuwa an sako su da kaka, kowa na ta amfanin gonarsa, cikin mutanen da ba su san iyayensu ba. Ya ce wanda ya aiko su yana can yana shan shayi a wata ƙasa, kamar yadda wanda ya aika shi Indoshin bai taɓa kwana a hasumiya ba. Hassan bai musa ba. Ya ce dai ba ƙarya ba ne an zalunci mutane, shi ya sa ya tafi. Nomau ya ce bai ce ƙarya ba ne, ya sha furarsa.

Nomau ya yi tunanin tsallakar da shi ta katangar bayan gida, gajeriya ce, gero na bayanta. Amma yaron ba zai iya gudu ba, kuma da an ga zaure ba kowa, a gona za a ƙarasa shi, sannan a dawo kan Kulu da 'ya'yanta. Da la'asar motar jandarmomi ta iso. Nomau ya buɗe akwatin ƙarfe ya sa tsohuwar rigarsa ta soja da lambobinta, ya riƙo hannun Hassan har bakin mota, ya sara wa babbansu, ya gaya masa da Faransanci, da ƙarfi yadda kowa zai ji, cewa ga fursuna nan da ransa, yana tafiya da ƙafarsa, kuma shi Kafaran Nomau shaida ne. Babban ya amsa sarawar. Motar ta tafi.

Washegari ya ce a nemi wani ya riƙe gadin. Haruna ya karɓa da murna, ya ƙara gungume na biyu.

Daga nan Nomau ya rage zama gindin tsamiya. Shinkafarsa ta yi kyau shekaru biyu a jere, da ya sa ɗiyarsa Safiya da ƙawayenta korar tsuntsu da gwangwani, har Kulu ta dafa wa maƙwabta da salla ƙarama, suka ci suka ce ta yi daɗi, ba wanda ya nemi iri. Kifin da ya zuba kuwa balbela ta gama da su. Rediyo ya shigo gari, kullum ana maganar yaƙin Biyetnam da Amurka, sai mutane suka dawo masa da tambaya, wa zai ci, wane irin bam ne ya fi. Shi kuwa in ya ji an ambaci sunan wani gari da ya sani, tunaninsa kan tafi ga kunyoyin da ke riƙe ruwa, da wanda zai gyara su in sun fashe. Ya taɓa faɗin haka sau ɗaya, aka dube shi kamar ya yi magana cikin barci. Da fari ya zo, tafkin ya ja baya ya bar gonarsa ta tsattsage, ya ɗaure ɗan irin da ya rage a tsumma ya rataye a rumbu.

A cikin yunwar nan soja suka karɓi mulki. Haruna, wanda tsufa ya fara sassautawa, ya zo har gida ya ce tunda 'yan uwansa ne suka hau, ya je Yamai ya karɓo wa gari hatsi. Nomau ya ce waɗannan ba su san shi ba, kuma soja ba ya sa ruwan sama. Abin da ya kama kunnensa shi ne an ce an buɗe gidajen kaso an saki 'yan siyasa. Ya yi ta tambayar direbobi da fatake, har wani mai kai goro ya ce akwai wani tela Hassan da ke zama kasuwar Gabi, an ce daga kurkuku ya fito.

Ranar kasuwa ya hau amalanken jaki, da tsumman irin nan a aljihu. Duk hanya yana jera tambayoyin da shekara goma suka tara masa: yaushe ake zuba kifin, yaya ake hana tsuntsu, ko Hassan ya ga hasumiyoyin nan, ko an rushe su.

Ya same shi a wata rumfa, a bayan keken ɗinki. Hassan ya yi furfura tun bai kai ba, haƙoran gaba babu, yatsu biyu na hannun hagu sun karkace. Ya gane Nomau nan take. Ya taso ya durƙusa ya gaishe shi, ya ba shi kujerarsa, ya aika aka sayo masa fura, ya tambayi lafiyar Inna Kulu, ya ce bai manta ruwan da ta ba shi ba. Nomau ya ji daɗi, ya gyara zama, ya kwance tsumma ya nuna masa irin, ya fara maganar kifi.

Hassan ya dubi masu jiran ɗinki, ya dubi hanya, ya mai da ido kan allura.

"Baba Kafaran, ni ban taɓa wuce Kano ba."

"Mi ka ce?"

"Kano ce iyakata. Can na koyi ɗinki."

 Nomau ya buɗe baki zai tuna masa zaure, da yayyafi, da dariyar da ya yi har bakinsa ya yi jini. Sai idonsa ya sauka kan yatsun nan biyu, yadda suke tura ƙyalle a karkace, ya gane a kurkuku aka karya su. Ya rufe bakinsa. Suka zauna, keke na ƙara, kasuwa na ci. Da zaman ya yi tsawo ya tuɓe rigarsa ya ce aljihun ya ɓarke, a kama masa. Hassan ya ɗinke, ya ƙi karɓar komai. Nomau ya bar tsumman irin a kan teburin keke, Hassan ya ja wani ƙyalle ya rufe shi.

Da ya dawo gida Kulu ta tambaye shi ko ya samu mutumin, kuma sun yi hirar tasu. Ya ce ya same shi, yana lafiya, yana gaishe ta, ɗinkinsa dai a karkace yake. Ta ce ya kawo ta warware ta gyara. Ya ce ta bar masa rigarsa, ta kawo masa ruwa, ƙafarsa na ciwo.

Bai ƙara komawa Gabi ba. Da ruwa ya dawo ya shuka albasa da tumatir a bakin tafki kamar kowa, yana faɗa da awaki da masu awaki. Ya rasu da damina, shekara biyar bayan farin, bayan gajeriyar jinya. Ranar addu'ar bakwai wani tela ya zo daga Gabi a kan keke, ya zauna a ƙarshen tabarma, aka shafa fatiha da shi, ya yi wa Kulu gaisuwa daga bakin zaure, ya juya tun ba a fito da abinci ba.